Yadda Ake Riƙe Mota Mai Injin Rotari a Kaduna

Motar rotari da za ka iya cin karo da ita a Kaduna, ko wajen dillalan motocin Kwatano ko a hannun wani mai sha'awar gudu, kusan kullum Mazda RX-8 ce, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012. Yayarta RX-7, ta 1978 zuwa 2002, ta yi wuyar gani. Saboda haka alƙaluman da ke nan na RX-8 ne.

An san motar da rashin ƙarko, kuma zargin ba na banza ba ne. Kamfanin Mazda da kansa sai da ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000 a Amurka ga motocin 2004 zuwa 2008, saboda yawan injinan da aka riƙa mayarwa. Amma a nan wajenmu ba tsufa ke kashe yawancinsu ba. Dabarun da aka saba yi wa injin fistin ne ke kashe su: a cire tamostat, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a sa bakin mai mai kaurin gaske don ta daina shan mai, a ɗaura kowane filogi da ya shiga ramin. Corolla za ta jure wannan shekara da shekaru. Rotari ba ya jurewa.

Abin da ke cikin injin

Babu fistin, babu bawul, babu bel ɗin tayimin. Akwai ƙarfe mai kusurwa uku da ake kira rota, yana juyawa cikin wani gida mai ɗan tsukewa a tsakiya. RX-8 tana da rota biyu, kowane ɗaki cc 654, jimla 1,308. Kowace fuska ta rota tana jan iska da fetur, ta matse, ta ƙone, ta fitar da hayaki a zagaye ɗaya, kuma kafin rota ya zagaya sau ɗaya shaf ɗin tsakiya ya juya sau uku. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU a 1957, Mazda kuma ta fara sayar da mota mai shi a 1967.

Ran injin yana kan wasu siraran ƙarafa da ke bakin kowace kusurwa, waɗanda makanikai ke kira afes sil. Su ke goga jikin gidan su hana matsi gudu daga ɗaki zuwa ɗaki. Duk abin da za ka karanta a ƙasa hanya ce ta kare waɗannan ƙarafa shida da robobin da ke tare ruwa.

Kafin ka biya kuɗi

A motar fistin, tashin sanyi ake dubawa. A rotari, tashin zafi ya fi faɗa maka gaskiya. Ka tuƙa ta minti 20 har ta ɗauki cikakken zafi, ka kashe, ka jira minti biyar, ka sake yin kii. Lafiyayyen inji yana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ta yi ta ja kafin ta kama, ko mai sayarwa ya ce a bari ta huce tukuna, to matsinta ya yi ƙasa, ko kuma kik ɗinta ya yi rauni. Motocin 2003 zuwa 2005 sun zo da kik mai rauni, daga baya Mazda ta canza shi da mai sauri.

Abin da zai raba gardama shi ne gwajin matsi, kuma na'urarsa daban ce. Tana ba da lamba shida, uku ga kowane rota, tare da saurin juyawar injin lokacin gwaji. Ma'aunin Mazda a juyi 250 a minti shi ne kPa 830, wato psi 120 (kPa da psi ma'aunan matsin iska ne), kuma mafi ƙaranci kPa 680, kusan psi 99. Bambanci tsakanin fuskokin rota ɗaya kada ya wuce kPa 150, tsakanin rota biyun kuma kada ya wuce 100. Ana yin gwajin da inji mai zafi, totur a danne har ƙasa, an katse wuta da fetur. Lambar da aka ba ka ba tare da saurin juyawa ba, ba ta da amfani, domin kik mai sauri yana ɗaga ta, mai rauni yana sauke ta. Kaduna kuma tana kan tudu na kusan mita 600, iska ta ɗan fi ta Legas sauƙi, don haka sai an gyara lissafin da tsayin wuri kafin a yanke hukunci.

In ba a samu wannan na'ura ba, ana iya amfani da gejin matsi na gama-gari a cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe iskar, a ɗauki bidiyon allurar da waya tana tsalle. Tsalle uku masu tsayi ɗaya alama ce mai kyau. Ɗaya dogo biyu gajeru, afes sil ɗaya ya karye, domin kowane ɗaya iyaka ce tsakanin fuska biyu. Wannan gwaji yana kama injin da ya riga ya lalace, amma ba ya nuna wanda ke kan hanyar lalacewa.

In zaɓi ya samu, ta 2009 zuwa sama ta fi. An ƙara mata bututun fesa mai na uku a kowane rota, wanda ke shafa tsakiyar afes sil da tsohuwar ba ta kai wa sosai. Mai giyar hannu shida ita ce mai kai juyi 9,000. Ka guji wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, wayoyinta da aka yanka aka ɗinke za su wahalar da kai fiye da injin.

Bakin mai

Wannan inji an ƙera shi ya sha bakin mai. Akwai ƙaramin famfo a jikinsa da ke ɗibar mai yana ɗiga shi cikin ɗakin ƙonewa don afes sil su samu santsi, man ya ƙone tare da fetur. Lita ɗaya a kilomita 1,500 zuwa 4,000, gwargwadon tuƙinka, ba ciwo ba ne. Wadda ba ta rage mai ko kaɗan ita ce abin tsoro, don mai yiwuwa famfon ya tsaya ko siraran tiyoyinsa sun toshe ko sun karye. Duk makaniken da ya ce zai toshe famfon don ta daina shan mai, ka karɓi makullinka.

Ka duba sandar awo duk shan fetur na biyu, a wuri mai daidai, minti biyar bayan kashe inji. Ka ajiye lita ɗaya da mazurari a but.

Juye kuwa, kowane kilomita 5,000 ko wata shida, da sabuwar filta. Rotari yana zubar da ɗan fetur cikin bakin mai, man ya yi ruwa da wuri, ga ƙurar hunturu a kai. Tsohuwar RX-8 tana cin kusan lita 3.5 a juye da filta, amma wannan ba shi ne duk man da ke cikinta ba. Akwai sauran tsohon mai da ke maƙale a na'urorin sanyaya mai da tiyoyinsu, shi ya sa sabon juye kan yi duhu da wuri, kuma shi ya sa jinkirta juye ya fi illa a nan.

Mazda ta rubuta 5W-20 ga Amurka, 5W-30 ga Turai. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna, 5W-20 ya yi ruwa da yawa. Mun fi natsuwa da 5W-30 ko 10W-40, musamman ga injin da ya yi tafiya. Man ma'adini na gama-gari mai kyau ya wadatar, kuma shi Mazda ta daɗe tana ba da shawara a kai tunda ƙonewa zai yi. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne ya zama na gaske, a galan mai hatimi, ba na awo daga duro ba.

Masu motar da yawa suna ƙara man tu-sitirok a tankin fetur, kamar yadda ake haɗa wa ƙaramin janareta. Mazda ba ta rubuta haka ba, amma dabara ce mai ma'ana, musamman ga motocin kafin 2009, saboda man yana bin fetur ya kai ko'ina. In famfon yana aiki, mililita 4 a kowace litar fetur ya isa, wato 200 a lita 50. Ka nemi mai alamar JASO FC ko FD a jikin roba, ka zuba kafin a ɗura fetur don su gauraya. Wuce ƙima yana jiƙa filogi, yana kuma rage kwanan matatar hayaki.

Wuta: filogi, kwayil, waya

Nan ne mafi yawan injina ke fara mutuwa ba tare da mai su ya sani ba.

Kowane rota yana da filogi biyu. Na ƙasa shi ne na gaba, an rubuta L a jikin gidan kusa da raminsa. Na sama shi ne na baya, da alamar T. Na asali NGK ne, RE7C-L ga ƙasa, RE9B-T ga sama, kuma ba a musanya su. Kwayil huɗu ne, kowane yana ba da tartsatsi a duk juyi ɗaya na shaf, wato ninki biyu na aikin kwayil a injin fistin. A juyi 9,000, tartsatsi 150 ke nan a daƙiƙa, ga shi suna zaune a jikin inji mai zafi. Shi ya sa ba sa daɗewa.

Ga yadda sarƙar take. Kwayil ya yi rauni, fetur bai ƙone duka ba. Ragowar ya wanke man da ke jikin gidan rota, afes sil su riƙa gogawa a bushe. Sauran ya wuce salansa ya ƙone a cikin matatar hayaki, wadda makanikai ke ce wa indomi, har ta narke ta toshe. Da ta toshe, zafi ya koma cikin inji. Mai mota bai ga komai ba sai ƙarin shan fetur da ɗan nauyi in ya taka, sai ranar da ta ƙi tashi.

Maganin shi ne kada a jira su mutu. Kwayil huɗu, filogi huɗu da wayoyi huɗu a canza su tare duk kilomita 45,000 zuwa 50,000. In ka sayi motar ba ka san tarihinta ba, ka canza su a makon farko. Ana cire tayar gaba ta hagu a kai ga filogin ta ramin taya, da soket 21. A yi da inji mai sanyi, a fara ɗaura filogi da hannu don kada a ci zaren, tunda gidan alminiyam ne, a ƙarasa da 13 zuwa 18 N·m. Ka canza waya ɗaya bayan ɗaya. In aka haɗa wayar L a T motar za ta tashi, amma wutar tana zuwa a lokacin da bai dace ba.

Waɗannan filogai ba kasafai ake samunsu a shagunan kayan mota na cikin gari ba, kuma jabun NGK ya yi yawa. Ka yi odar saiti biyu daga amintaccen wuri, ɗaya ya zauna a ajiye. Fitilar inji mai ƙiftawa, ko lambar P0300, P0301 ko P0302 a na'urar bincike, na nufin wuta na tsallakewa. Ka ɗaga ƙafa, kada ka ci gaba da takawa. P0420 kuma matatar hayaki ce. In da dare ka ga ƙarƙashin motar ya yi ja bayan tafiya, ta toshe.

In ta sha fetur ta ƙi tashi

Inji mai sanyi yana samun fetur mai yawa. In aka kashe shi kafin ya yi zafi, fetur ɗin ya kwanta a ɗakunan, ya jiƙa filogi, ya wanke man da ke taimaka wa afes sil riƙe matsi. Sai ka yi kii ka ji tana juyawa da sauri, sumul, ba alamar kamawa. Yawanci da safiyar hunturu abin ke faruwa, an matsar da ita daga bakin get don wata mota ta fita, ko yaron wankin mota ya ja ta taku goma ya kashe. Ka gaya wa duk mai taɓa makullin: in an tayar, ba a kashewa sai allurar zafi ta motsa. In dole ne a matsar da ita kawai, a bar ta a silo minti biyar, a ɗaga ta zuwa juyi 3,000 na daƙiƙa goma, a sake ta ta dawo silo, sannan a kashe.

In ta riga ta sha:

1. Ka tabbatar batir cike yake, ko ka haɗa waya da wata mota da ke kunne. Rotari yana buƙatar juyi mai sauri kafin ya tara matsi.
2. Ka danne totur har ƙasa ka riƙe. A haka kwamfutar motar tana yanke fetur. Ka yi kii daƙiƙa takwas zuwa goma, ka huta rabin minti don kik ya huce. Ka maimaita sau uku ko huɗu.
3. Ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ka yi kii. In ta fara tari, ka ci gaba da riƙe makullin har ta kama.
4. In ta ƙi, a cire fiyus ɗin famfon fetur da filogi na ƙasa guda biyu, a cire soket ɗin firikwensin shaf don kada tartsatsi ya tashi, a juya injin har fesin fetur ya daina fitowa daga ramukan. A yi nesa da wuta da sigari.
5. A zuba kamar ƙaramin cokali ɗaya na bakin mai a kowane rami, a juya kaɗan, a mayar da busassun filogi, fiyus da soket, a sake gwadawa.

Da ta tashi za ta yi farin hayaki mai yawa na 'yan mintuna. Kada a kashe ta sai ta yi cikakken zafi. Mai giyar hannu tana tashi da turi a giya ta biyu, sai dai hakan yana tura ɗanyen fetur cikin matatar hayaki. In irin wannan ƙin tashi ya zama ɗabi'arta, a duba kwayil, batir, kik da matsi, a wannan jerin.

Zafi

Injin jere ne na faranti: ƙarfe, alminiyam, ƙarfe, alminiyam, ƙarfe, an ɗaure su da dogayen kusoshi, da zoben roba a tsakani yana raba ruwa da wuta. Ƙarfe da alminiyam ba sa buɗewa daidai in sun yi zafi. Obahitin ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa gidan ko ya ƙona robar, kuma ba a kai wa robar nan sai an wargaza injin ɗungurungum. Alamunta su ne ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaki mai ɗan zaƙin ƙamshi da safe, rawar jiki a tashin farko, da kumfa mai tasowa a tankin ruwa.

Allurar zafi ta dashbod ba ta da gaskiya. Tana zama a tsakiya daga zafi na daidai har zuwa dab da haɗari, kafin ta motsa an kusa makara. Ka sayi ƙaramar na'urar OBD, mai karanta bayanan kwamfutar mota, da ke haɗuwa da wayar hannu ka riƙa ganin lambar. Digiri 85 zuwa 97 daidai ne. In ka ga ta haura 104 a cunkoson Kawo ko titin Ahmadu Bello da rana tsaka, ka kashe AC, ka kunna hita har ƙarshe, ka nemi wurin tsayawa.

Kada a cire tamostat. Yana buɗewa a kusan digiri 82, kuma in babu shi injin yana daɗewa a sanyi, yana shan fetur mai yawa, yana tara gawayi. Kada kuma a yi wa fanka haɗin kai-tsaye. In fanka ba ta tashi, a gyara rile ko motarta. Ruwa ya zama kulan (ruwan sanyaya inji na shago) rabi da tataccen ruwa rabi, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. Ruwan burtsatse yana barin gishiri yana cin alminiyam. Lagireton asali kawunansa roba ne, a shekarun motar nan duk sun gasu, gara a canza shi da tiyoyinsa da murfinsa tun bai fashe ba. Fitilar ƙarancin ruwa takan kunna a banza saboda abin shawagin da ke tankin yana nutsewa in ya tsufa, amma kullum ka duba da idonka in inji ya huce kafin ka ce ƙarya take.

Bakin mai ma yana ɗaukar babban rabo na zafin injin, shi ke sanyaya cikin rota. Na'urorin sanyaya shi suna kusurwar bamba ta gaba, a ƙasa, inda ƙura, leda da tsakuwa ke taruwa. Ka wanke su da ruwa marar ƙarfi bayan hunturu. Motar kuma gajera ce, ka hau tudun rage gudu a karkace, kuma da damina kada ka shiga ruwan da ba ka ga zurfinsa ba. Filtar iska a kakkaɓe ta kowane wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don ƙurar da ta wuce ta yashi ce a kan afes sil.

Tuƙi da fetur

Har allura ta kai tsakiya, kada ka wuce juyi 3,000 zuwa 4,000. Bayan ta yi zafi kuwa, lallaɓa ta cuta ce. Tuƙin ƙasa-ƙasa kullum yana tara gawayi, ya maƙale afes sil a raminsu, ya kuma daskarar da ƙofofin iska da ke buɗewa a juyi mai yawa. Aƙalla sau biyu ko uku a mako ka kai ta juyi 7,000 zuwa sama tana ja. Giya ta biyu ta isa, ba sai ka yi gudun ganganci ba. Buɗaɗɗen wuri a hanyar Zariya ya fi cikin unguwa. Ba ta wuta a tsaye ba ya yin wannan aikin.

An ƙera ta don fetur mai ƙarfin okten 95, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe kafin lokaci ba. Ka tsaya ga gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka manta da na bumburutu ko da ana layi, domin fetur mai gauraye yana fashewa kafin lokaci, afes sil kuma ba sa jure wannan bugun. Tankin kusan lita 60 ne, a cikin gari ka sa ran kilomita 6 zuwa 7 a lita.

Mai RX-7 ta ƙarshe, mai turbo biyu (na'urar cusa wa inji ƙarin iska), duk wannan ya shafe shi, da ƙarin siraran tiyoyin iska masu yawa da zafi ke busarwa, da ƙaramin tankin roba na ruwa da kan fashe. A canza shi da na alminiyam.

In matsi ya faɗi

Babu ruwan gwangwani da ke mayar da ƙarfen da ya goge. In lambobin sun sauka ƙasa da kPa 680, a buɗe injin tun yana tashi, kafin afes sil ya karye ya kwarzane gidan da rota. Cikin gidan an lulluɓe shi da kurom, in ya ɓare ba a yanka shi a sake amfani kamar yadda ake yi wa silinda, sai sabo. Aikin yana son awo da ma'aunin tazara, tsafta, da wanda ya taɓa yi, ko da sai an kai motar Abuja ko Legas. Injin Beljiyam kuwa, kada ka biya sai an ɗaura masa kik an gwada matsinsa a gabanka, lamba shida da saurin juyi. Ranar ɗora shi a sa sababbin kwayil da filogi, a duba matatar hayaki da lagireto, a wanke na'urorin sanyaya mai, don abin da ya kashe na farkon yana nan a jikin motar in ba a cire shi ba. Injin da aka sake haɗawa a bi da shi a hankali, ƙasa da juyi 4,000, na kilomita 1,000 na farko, sannan a yi juye.